Wasiƙa Zuwa ga Kawu, Maginin Zangwetin

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Kawu,

Allah ya jiƙanka, ya kai haske kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Na san takarda ba ta isa inda kake. Amma maganar da nake ɗauke da ita taka ce, kuma bakina bai iya faɗinta ba sai ina fuskantarka, kamar yadda nake zama gabanka a zaure bayan la'asar kana wasa gizago a kan dutse. Saboda haka na rubuto maka a fili, domin kafintoci da magina da masu sayar da katako na Wagadugu su ji abin da ke tsakaninmu.

Azararka tana nan, Kawu. Ka tuna a 2003, lokacin da aka tashi unguwarmu domin aikin da ake kira ZACA, tare da Kuluba da Kamsongin da sauran maƙwabta, mutane suka watsu, wasu Waga 2000, wasu Niyoko? Ranar da muka kwance rufin zaurenmu na roƙi a bar mini azara ɗaya. Ka dube ni, ba ka ce komai ba, ka nuna mini ta uku daga bakin ƙofa. Na ɗora ta a amalanken jaki tare da tabarmi da tukwane. Sauran kuwa mu da kanmu muka sayar wa masu tuyar ƙosai da masu gasa nama, suka zama makamashi. Ba wanda ya tilasta mana hakan. Mun ga itace ya yi baƙi da hayaƙi, muka ce ya tsufa, ba mu tambaye shi ko da sauran ƙarfi a jikinsa ba. Wannan ɗaya da ta tsira ta shekara fiye da ashirin a bayan ɗakina, a kan duwatsu biyu, ba ta taɓa ƙasa, kamar yadda ka koya mini.

Abin da ya sa na tuna da ita bana shi ne aikin rufin wata makarantar allo da aka ɗora mini kula da shi. Na je sayen katako, sai na iske kaina ina yin abin da kake yi. Abu uku kake wa itace kafin ka yarda da shi. Ka runtse ido ɗaya ka bi tsawonsa da kallo. Ka kama bakinsa ɗaya ka ɗaga, ka ji nauyinsa a hannu. Sannan ka sa ni in kanga kunne a wancan bakin, kai kuma ka buga wannan da ƙotar gizago. In ya yi ƙara siririya mai daɗewa, sai ka ce a ɗauka. In ya yi "bus" kamar an bugi buhun dusa, sai ka wuce, ko da mai shi zai rantse da iyayensa. A lokacin na ɗauka al'ada ce irin ta tsofaffi. Sai da na yi karatu na gane cewa abin da kake yi da kunne da hannu shi ne injiniyoyin duniya suka shafe shekaru suna ƙera wa na'ura, wato a san ƙarfin katako ba tare da an karya shi ba.

Bari in ba ka labarin yadda suke yi, domin na san da kana nan da ka gyara zama.

Sun raba abu biyu da mu muke haɗawa a kalma ɗaya. Akwai ƙarfi, wato nauyin da katako zai ɗauka kafin ya karye. Akwai tsauri, wato yadda yake ƙin lanƙwasa in an ɗora masa kaya. Ƙarfi ba a saninsa tabbas sai an karya katakon, kuma wanda aka karya ba ya komawa rufi. Tsauri kuwa ana iya auna shi katakon yana nan lafiyarsa. Da suka karya dubban katakai a ɗakunan gwaji, irin wanda ke Madison a Amurka tun 1910, sai suka ga cewa a cikin itace iri ɗaya, wanda ya fi tsauri galibi shi ya fi ƙarfi. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1963 masana'antun katako na Amurka suka fara amfani da injin da ke ɗan tanƙwara kowane katako yayin da yake wucewa, ya auna turjiyarsa, a buga masa hatimin darajarsa. A Turai yau za ka ga an rubuta C24 ko D30 a jikin katako, lambar tana gaya wa mai gini nauyin da zai iya dogara da shi. Mai saye bai san mai sayarwa ba, amma ya san abin da ya saya.

Bugun da kake yi da ƙota shi ma sun mai da shi lissafi. In aka bugi bakin katako, girgiza tana bin jijiyoyinsa da gudun da ya kai mita 4,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa ɗaya idan itacen lafiyayye ne busasshe. In ta tarar da ruɓa, ko rami, ko jijiyar da ta karkace, sai ta rage gudu, ƙarar kuma ta mutu da wuri. Abin da kunnenka ke kamawa ke nan. Wani injiniya mai suna Jean-Luc Sandoz ya ƙera na'urar Sylvatest a Lozan ta ƙasar Suwizalan, tana aika sautin da kunnen mutum ba ya ji daga baki zuwa baki, tana ƙirga lokacin da ya ɗauka. A Monfeliye ta Faransa, cibiyar CIRAD, wadda ta daɗe tana nazarin itatuwan ƙasashenmu masu zafi, ta fito da wata hanya da ta kira BING: a ɗora katako a kan abu mai laushi, a buge shi, makirfo ya ɗauki ƙarar, kwamfuta ta fitar da tsaurinsa. Katako mai tsawon mita 4 yakan yi kaɗawa 500 zuwa 600 a daƙiƙa in an buge shi a baki, kuma wayar da ke aljihun kowane yaron kafinta a yau tana iya karanta wannan adadi.

Ga wurin da na fi jin daɗi, Kawu. Lissafin ya ce gudun sauti shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa shi da nauyin itacen. Farin katakon nan da ake kira samba, wanda mutanen Gana ke ce wa wawa, 'yan Nijeriya kuma obeche, da iroko mai tsada, sauti yana bin su da gudu kusan ɗaya. Amma samba bai cika kai kilo 400 a murabba'in mita mai zurfin mita ba, iroko kuwa ya haura 600, don haka tsaurin iroko ya kusa ninka na samba. Wanda ya buga bai ɗaga ba, rabin magana ya ji. Kai kuwa ba ka taɓa bugun itace ba sai ka fara ɗaga shi. Ba ka san sunan lissafin ba, amma hannunka da kunnenka sun raba shi a tsakaninsu daidai.

Idonka ma bai faɗi banza ba. Har yau a ƙasashen da ke da injuna, yawancin katako da ido ake tantance shi, bisa ƙa'idar da aka rubuta. Suna duban gurbin reshe, abin da kake kira ido. Suna duban ko jijiyar itacen ta bi tsawonsa ko ta karkace, domin katako mai karkatacciyar jijiya yana iya yin kyau kamar ɗan maciji ya kuma karye ba sallama. Suna duban tsaga da cin ƙwaro. Na tuna kana juya katako kafin a kafa shi, kana cewa ido ya kalli sama. Dalilin shi ne, in nauyi ya hau kan katako, bayansa na sama matsewa yake, cikinsa na ƙasa kuwa jan sa ake yi, kuma ido a wurin ja, a tsakiyar ɗaki, nan ne karaya ke farawa. Na kuma tuna ba ka yarda a kwantar da katako a kan faɗinsa, sai dai a tsayar da shi a kan gefensa. Littafi ya ce in ka ninka tsayin katako daga ƙasa zuwa sama, ƙarfinsa ya ninka sau huɗu, tsaurinsa sau takwas. In kuwa ka ninka faɗin ɗaki ka bar katakon yadda yake, lotsawarsa a ƙarƙashin rufi iri ɗaya sai ta ninka sau goma sha shida.

Wannan na ƙarshen shi ya fassara mini gininmu na gargajiya gaba ɗaya. Kakanninku sun san azara ba ta tsallake fiye da kamu huɗu, kimanin mita 1.8, ba tare da ta lotsa a ƙarƙashin nauyin ƙasa ba. Ba su yi gardama da ita ba. Sai suka fito da dabarar jera azara daga bango a kan juna, wannan ta ɗan zarce waccan, da kafa ta a kusurwa, da ɗaura ta gaɓa-gaɓa a lulluɓe da ƙasa har ta zama bakan gizo. Da wannan hikimar Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Fatakenmu da suka bi hanyar goro zuwa Gwanja, suka yada zango a ƙasar Mosawa har aka sa wa unguwa sunansu, sun zo da wannan sani a kawunansu tare da alkalami da allo. Kai ne na ƙarshe da na sani a danginmu da ya riƙe shi.

Sai dai zan faɗa maka gaskiya, domin ba ka koya mini ɓoye ta ba. Kunnenka yana da iyaka, kuma zamanin da muke ciki ya wuce iyakar nan. Itacen da ka sani ka san shi tun yana tsaye. Ka san giginya ƙarfinta a bayanta yake, baƙin nan mai jijiya kamar waya, cikinta kuwa fanko ne, kuma gindinta ya fi samanta. Ka san maɗaci da marke da ƙirya da kawo, ka san wanda gara ke tsoro da wanda take so. Yau katakon da ke rufa Wagadugu daga Gana da Kwaddebuwa manyan motoci ke kawo mafi yawansa, an riga an yanke shi, an tsaga shi, ba ganye ba ɓawo. A kasuwa suna biyu gare shi, ja da fari, alhali a ƙarƙashin "ja" akwai itatuwa iri-iri da ba su haɗa komai ba sai launi. Giginya ta yi nisa, sai can wajen Banfora ko Gaya ta Nijar, ta cika karin maganar da ake yi mata, na nesa ka sha inuwarta. Madobiya kuwa an sare ta har sai da aka sa cinikinta tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin takunkumin yarjejeniyar CITES tun 2017. Kunnen da ya saba da itace biyar ba zai iya rantsuwa a kan ashirin da bai taɓa ji ba.

Ga kuma ruwa. Katako yana baro gaɓar teku da danshi a jikinsa, ya iso garin da hunturu ke busar da itace har ruwan da ke cikinsa ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin ɗari. In aka kafa shi ɗanye, a kan rufi zai bushe: ya tsuke, ya murɗe, ya tsage, ƙusa ta yi sako-sako a raminta. Sai iskar farkon damina ta zo a watan Mayu ko Yuni ta ɗauke kwano da katakonsa ta ajiye a gidan maƙwabci, mu ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Akwai 'yar na'ura mai tsinke biyu, ba ta fi waya girma ba, ana soka ta a katako ta faɗi yawan ruwansa nan take. In ya haura kashi 20, ba a rufi da shi, domin daga nan ne ruɓa ke samun wurin zama, kuma ɗanyen katako bai kai busasshe ƙarfi ba.

Ba ka ga ranar 1 ga Satumba 2009 ba, Allah ya riga ya karɓi abinsa. Ruwan da ya sauka a Wagadugu a yini ɗaya ya haura milimita 260, gidajen ƙasa suka narke, dubban mutane suka kwana a makarantu. Bayan ruwan ya janye na ga mutane suna tono katakai daga cikin laka suna mai da su kan sabon bango, ba wanda ya duba bakinsu da ya daɗe a binne. Na kuma ga wasu suna jefar da lafiyayye don ya yi datti. Kuskure biyu ne masu uwa ɗaya, hukunci ba tare da bincike ba. Malamanmu na zaure sun sha ba mu labarin sandar Annabi Sulaimanu, alaihis salam, a cikin Suratu Saba'i, yadda ya rasu yana dogare da ita, aljanu suna ta wahalar aiki ba su sani ba, sai da gara ta cinye ta ya faɗi. Gara daga ciki take aiki, ta bar maka bayan itace sumul. Wanda ya tsaya ga kallo kaɗai, ranar faɗuwa zai sani.

Domin irin wannan ne wani Bajamushe mai suna Frank Rinn ya fito da na'urar da ake kira Resistograph. Allura ce doguwa, kaurin bakinta milimita 3, tana shiga itace a hankali tana juyawa, na'urar tana zana turjiyar da ta tarar a kan takarda. Inda itace ke da lafiya zanen yana hawa, inda gara ta yi ɗaki sai ya faɗo ƙasa. Ramin da take bari bai fi na ƙwaro ba. Da ita ake duba ginshiƙan tsofaffin majami'u da gadoji a Turai, a canza abin da ya mutu, a bar mai rai a wurinsa.

Wani abokina da ke koyar da aikin injiniya ya samu aron irinta, na roƙe shi ya zo gida. Muka share ƙurar azararka, muka ɗaga, muka buga. Kawu, ta amsa da muryar nan da na sani tun ina yaro, har sai da na juya baya na share ido. Allurar ta shiga wuri biyar. Wuri huɗu zanen ya tashi ya tsaya a sama. A baki ɗaya ne kawai, wanda ya kwana cikin bango shekara da shekaru kusa da indararo, ya faɗi, kimanin taƙi guda. Muka yanke taƙin nan, saura lafiya lau. Abokina ya ce ba zai iya ba ni lamba irin ta Turawa ba, domin lissafin na'urorin nan a kan itatuwan ƙasarsu aka gina shi, giginya kuwa ba ta da zoben shekara irin nasu, jijiyoyi ne a cushe. Abin da zai iya cewa shi ne itacen nan bai mutu ba. A daren nan ban yi barci da wuri ba, ina ƙirga 'yan'uwanta da muka tura wuta.

Don haka ga abin da nake roƙo, kuma a gabanka nake roƙonsa.

Kafintoci da magina, kada ku yar da abu ukun nan, ku duba, ku ɗaga, ku buga, ku kuma koya wa yaranku dalilin kowanne. Ku ƙara na huɗu wanda ba ya cin ko sisi. Ku ɗora katako a kan bulo biyu da tazarar mita 3, ku ja zare daga baki zuwa baki, ku aza buhun siminti mai kilo 50 a tsakiya, ku auna yadda ya sauka daga zaren. Katako mai santimita 8 a kowane gefe, in samba ne lafiyayye, zai sauka santimita ɗaya da 'yan kai, iroko kuwa kimanin rabin haka. In kun jera goma masu girma ɗaya kun gwada, wanda ya fi sauran lotsawa, ko wanda bai koma daidai ba bayan an ɗauke buhun, ku cire shi daga rufi, ya tafi benci ko ƙyaure.

Masu sayar da katako, 'yan'uwana, da yawanku jikokin fataken Zangwetin ne, waɗanda amana ce jarinsu tun daga Kano har Salaga. Ku haɗa kuɗi ku sayi na'urar auna ruwa ko da guda ɗaya ce a layi. Ku jera katako da 'yan sanduna a tsakani ya sha iska a inuwa. Ku kira kowane itace da sunansa. Wanda ya sayar da ɗanye a matsayin busasshe, ya tuna a ƙarƙashinsa jariri zai kwanta.

Kwamitocin masallatai da makarantu, kafin ku rushe tsohon rufi ku kira wanda zai duba shi, kuma kafin ku amince da shi ku kira wanda zai duba shi. A fara da bakin da ke cikin bango da wurin da ruwa ke ɗiga.

Masu ilimi kuma, garin nan yana da makarantar injiniyoyi ta 2iE, da Jami'ar Joseph Ki-Zerbo, da ɗakin gwajin gine-gine na ƙasa, LNBTP. Fatana ɗalibansu su ɗauki giginya da maɗaci da dogon yaro da turare, su buga, su auna, su karya kaɗan domin a tsirar da masu yawa, su fitar mana da jadawalin da kafinta zai karanta da Hausa da More da Faransanci. Francis Kéré, ɗan Gando, wanda ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, ya kewaye makarantar Schorge ta Kudugu da sandunan turare, itacen da muke rainawa. A Boromo kuwa tun 2000 ake koya wa magina rufin ƙasa mai baka wanda ba ya bukatar itace ko ɗaya. Duk hanya ɗaya suka nufa, itace ya yi ƙaranci, wanda ya rage dole a san darajarsa. Kuma in za su fara, su fara da neman tsofaffi irinka da suka rage a Niyoko da sauran unguwanni, su zauna gabansu da na'urar a hannu, su ji abin da kunne ya riga ya sani.

Azarar taka, bayan mun yanke ruɓaɓɓen bakin, ta yi daidai da ƙofar makarantar allon nan. Can na sa aka kafa ta a kan ƙofa, baƙin bayanta yana kallon ƙasa, yadda kake yi. Yara suna shiga suna fita a ƙarƙashinta da allunansu. Ran nan na ɗaga ƙaramin cikinsu ya kanga kunne a jikinta, na buga da ƙotar gizagonka, na ga idonsa ya buɗe. Ya tambaye ni wa ya koya mini, na faɗa masa sunanka, muka yi maka fatiha tare.

Allah ya gafarta maka, ya haɗa mu a inuwar da ba ta gushewa.

Wassalam,
Ɗan ƙanwarka, daga Wagadugu.